Makulli ya ɓata, mota a kulle: amsar wasiƙun masu karatu daga Zariya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Tudun Wadan Zariya, kuma ina da mota ƙirar Honda Accord ta shekarar 2004, wadda na saya a hannun wani dillali da makulli guda ɗaya tak. Ranar wata Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari sayen kayan abinci, da na dawo inda na ajiye motar sai na laluba aljihu na ji wayam. Na koma duk rumfunan da na tsaya ban ga makullin ba, ga shi kuma takardun motar duka suna ciki. Jama'a suka taru, wannan ya ce a fasa gilashi, wancan ya ce a zura waya, daga ƙarshe wani mai gyaran wayar mota ya ɓamɓare saman ƙofa da sukudireba ya buɗe. Yanzu ƙofar ta ɗan karkace har ruwan sama yana shiga, sannan makullin da aka yanka mini yana murɗawa, injin yana juyawa amma ba ya kamawa, sai wata koriyar fitila mai siffar makulli da ke ta ƙyaftawa. Mai gyaran ya ce in bari ya cire sakiyoritin motar gaba ɗaya kowa ya huta. Shin in yarda? Kuma me ya kamata in yi tun farko?
— Wani malami, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Zan fara da batun cire sakiyoritin, tunda shi ne ba a riga an taɓa ba, kuma amsata a kansa gajera ce: kada ka yarda.

Wannan koriyar fitilar da kake gani ba alamar lalacewa ba ce, motar ce take gaya maka cewa ba ta san makullin da ke hannunka ba. A cikin baƙar robar da ke kan makullin asali akwai wata ƙaramar ƙwayar lantarki wadda ba ta amfani da batir. A kewayen ramin makulli na jikin sitiyari kuma akwai wani zobe na waya da ke aika mata ɗan ƙarfi duk lokacin da aka murɗa, ita kuma ta mayar da lambar sirrinta. Idan lambar ta dace da wadda ke rubuce a kwamfutar motar, sai a sakar wa injin mai ya tashi. Idan ba ta dace ba, ko kuma babu ƙwayar ma sam, injin zai yi ta juyawa har batir ya mutu ba tare da ya kama ba. Wanda ya yanka maka makulli ya yi rabin aiki ne, ya ba ka ƙarfen da ke murɗa ƙofa da sitiyari, bai ba ka abin da ke magana da kwamfutar ba.

Yawancin shawarwarin da ake ba mutum a bakin kasuwa na zamanin Peugeot 504 da 505 ne, waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna, lokacin da kowane mai yanka makulli yake iya sallamar mutum cikin ɗan lokaci. Al'amarin ya sauya a tsakiyar shekarun 1990. Jamus ta wajabta wannan tsari na makulli mai ƙwaya a kan sababbin motoci daga farkon 1998, Birtaniya ta bi sahu a watan Oktoba na wannan shekarar, shi ya sa da wuya ka ga motar Turai ta bayan wannan lokaci da ba ta da shi. Amurka ba ta yi irin wannan doka ba, don haka motocin da ke zuwa mana daga can sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma Honda ta sa shi a Accord tun daga ƙirar 1998, kuma taka ta 2004 ta haɗa da makulli mai sassaƙa a gefen fuskarsa, wanda injin yanka makullin gida ba ya iya kwaikwayonsa daidai.

Babban dalilin da ya sa na ce kada a cire tsaron shi ne makullinka bai narke ba, yana nan a wani wuri. Mai yiwuwa ya faɗa kwata, mai yiwuwa kuma yana aljihun wani wanda ya tsaya cikin taron nan ya ga motar, ya ga lambarta, ya ga fuskarka. Idan aka cire tsaron, shi da duk wani mai ƙarfen da zai iya murɗa sitiyarin sun zama masu mota daidai da kai. Ban da haka, cirewar tana nufin a taɓa kwamfutar ko a datse wayoyi, kuma irin wannan aiki ya sha haifar da matsalar da ba ta bayyana sai bayan watanni, a lokacin da babu wanda zai danganta ta da shi. Ranar da ka tashi sayar da motar ma, mai saye da ya san abin da yake yi zai rage maka kuɗi a kan haka.

Abin da ake yi shi ne a nemo mai na'urar saita makulli. A ƙarƙashin sitiyari, ta ɓangaren direba, akwai wani soket mai ramuka 16 da ake kira OBD, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996. Ta nan ake jona na'urar a yi wa sabon makulli mai ƙwaya rajista a kwamfutar. Idan an zo aikin, ka tsaya a kan abubuwa uku da bakinka, kada ka ɗauka za a yi su ba tare da ka ce ba. Ka ce a goge tsohon makullin daga kwamfutar, yadda ko an tsince shi ba zai tayar da injin ba. Ka ce a yi maka guda biyu a zama ɗaya, domin ƙara na biyu alhali na'urar tana jone ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba a kan sake kiran mutum wata rana. Sannan ka gwada kowannensu da hannunka a ƙofar direba da but da sitiyari, ka tayar ka kashe, kafin ka biya. Idan za a saya maka rimot, a duba cewa na kasuwar da motar ta fito ne, saboda rimot ɗin motocin Amurka yana aiki a wajen 315 MHz, na Turai kuma a 433, kuma ɗaya ba ya jin yaren ɗaya ko da siffarsu iri guda ce.

Ka kuma sani cewa gogewar nan tana hana tsohon makulli tayar da mota ne kawai, ƙarfensa zai ci gaba da buɗe ƙofa da but. Idan kana zargin zare maka shi aka yi, ko kuma yana haɗe da makullan gida ko wani abu mai sunanka ko na makarantarku, to a sauya haƙoran gidajen makullin ko a canza su ɗungurungum, a canza na gidan ma. Yana da kyau kuma ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a ba ka takardar shaida, domin idan wani abu ya faru da motar daga baya, ranar da ka kai rahoton za ta yi maka magana.

Ba kowane mai gyaran waya ne yake da wannan na'ura ba, kuma a ganina wanda ya ba ka shawarar cirewa ya faɗi abin da hannunsa zai iya ne, ba abin da motar take buƙata ba. Ka tambayi bakaniken da ka saba da shi, ko ka bincika a garejin da ke Sabon Gari da wajen unguwar PZ, a nuna maka wanda aikinsa ke nan. Idan ba a dace ba, ana samunsu a Kaduna da Kano, kuma sau da yawa biyan kuɗin motar mai aikin ya zo inda motar take ya fi sauƙi a kan ɗaukar janwe. Wasu za su ce maka a sayo kwamfuta da zobe da makulli na gwanjo, saiti guda, daga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Hakan yana aiki idan lambobin sun dace da motarka, amma a irin taka babu buƙatarsa, kuma kwamfutar da aka ƙera motar da ita ta fi wadda ba a san tarihinta ba. Masu wasu tsofaffin Toyota ne suka fi shan wahala a nan, domin idan baƙin makullin nan babba ya ɓata, ko da suna da ruwan toka na ba wa direba ko mai wanki, sai an ciro kwamfutar an sake rubuta ta kafin ta karɓi sabo. Masu Peugeot 406 kuwa su adana ɗan katin nan mai lambar sirri guda 4 da ke zuwa da motar, don ita ake tambaya kafin a saita makulli.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Abin da jama'ar da suka taru ba su tsaya sun bambance ba shi ne, makullin da aka rufe a cikin mota daban, makullin da ya ɓata daban. Idan yana ciki kana hangensa ta gilashi, buɗe ƙofa shi ne ƙarshen matsala. Idan kuwa ya ɓata, buɗe ƙofa ba ya ƙara ka da komai sai ɗauko takardu, tunda motar ba za ta motsa ba ko an buɗe. Hasali ma motar da ke kulle lafiya lau ta fi sauƙin kwana a hannun maigadi a kan wadda aka fasa wa gilashi ko aka karkata wa ƙofa. Saboda haka a ranar nan babu abin da ke koranka, kuma gaggawar da aka yi ita ce ta jawo maka gyara na biyu.

Da farko mutum ya zagaya ya taɓa kowace ƙofa da but, domin a tsofaffin motoci akan samu ƙofa ɗaya da injin kullenta ya gaji ba ta bin sauran. Bayan haka, kafin kowa ya sa hannu a jikin motar, a sanar da mai kula da wurin ajiye motoci ko shugabannin layin kasuwar ko jami'in tsaron da ke kusa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum biyu suna kokawa da ƙofar mota da waya a tsakiyar kasuwa, kalma ɗaya ta "ɓarawo" daga bakin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ta isa ta jawo abin da ba za a iya gyarawa ba. A nan ne kuma amfanin ajiye hoton takardun mota a waya yake fitowa: lasisin motar da shaidar mallaka da takardar kwastan. A motocin Amurka lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana nan a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ana karanta ta daga waje, don haka kowa yana iya gwada ta da abin da ke cikin hoton ya gamsu cewa motar taka ce. Mai sana'ar makulli na ƙwarai da kansa zai nemi wannan shaida, wanda kuwa ya durƙusa ya hau buɗewa bai tambaye ka komai ba, haka zai buɗe wa wani motarka ranar da ba ka nan.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce ta gidan makullin kansa. Masu sana'ar suna da wani siririn ƙarfe mai ma'auni, wanda aka fi sani da Lishi, kowane irin makulli da nasa. Ana zura shi a ramin ƙofa a ɗaga haƙoran ɗaya bayan ɗaya har gidan ya juya, sannan a karanta zurfin kowane haƙori a jikin ma'aunin, da waɗannan lambobin ne kuma za a yanka sabon makulli daidai da na asali. Ka ga ke nan an buɗe ƙofa kuma an samu ma'aunin makulli a aiki ɗaya, ba a ƙwarzane ko fenti ba. Ta biyu ita ce 'yar jakar iska, irin ta awon hawan jini a asibiti, wadda ake cusawa a kusurwar sama ta ƙofa a matsa famfonta a hankali har a samu 'yar kafa, sai a zura doguwar sanda mai roba a baki a danna maɓallin buɗewa ko a ja hannun ƙofa na ciki. Sukudireba yana buɗe irin wannan kafar, sai dai yana tara ƙarfinsa duka a wuri ɗaya, shi ya sa ƙarfen ya lanƙwashe ya ƙi komawa. Zura waya tsakanin gilashi da roba kuwa ya yi amfani a lokacin da sanduna ne tsirara a cikin ƙofa. A motocin yanzu galibi igiya ce a cikin kube, babu abin da wayar za ta kamo sai wayoyin gilashi da na kulle, ta tsinke su. Masu motocin Turai irin su Volkswagen da BMW da wasu Peugeot su lura da cewa da yawansu suna da kulle mai ninki biyu wanda ke kashe hannun ƙofa na ciki, don haka ko sanda ta shiga, ko ma an fasa gilashi, ƙofar ba za ta buɗu ba sai ta gidan makulli.

Idan ya zama dole a ɗauke motar daga wurin, kada a ja ta da igiya. Sitiyarinta a kulle yake, giyarta kuma idan otomatik ce tana kan P, jan ta a haka ɓarna ce ga giyar. A samo janwen da zai ɗaga tayoyin gaba ko ya ɗora ta gaba ɗaya a bayansa. Idan kuma ta tare hanya, gara ka je ka yi wa jami'an KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na Jihar Kaduna, bayani da kanka kafin su iske ta.

Game da ƙofar taka, mai gyaran jikin mota zai iya mayar da saman nata ta hanyar sauke gilashin ya tausa firam ɗin ciki a hankali, kuma a duba robar ko ta yage. Domin ka tabbatar aikin ya yi, ka rufe ƙofar a kan takarda a wurare daban-daban na saman, ka ja. Inda takardar ta zare ba tare da turjiya ba, nan ruwa yake bi. Kada ka bar shi damina ta yi nisa, saboda ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin kafet yana cin wayoyin da ke bin ƙasan motar. Wannan gyara daga aljihunka zai fito idan inshorarka ta dole ce kawai, wato wadda ake biya naira 15,000 tun daga farkon 2023, domin ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta motarka ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Kwanaki na sa jaririna a kujerar baya, na ajiye jakata da makulli a kujerar gaba, ina rufe ƙofa sai motar ta kulle kanta. Allah ya taimake ni maigidana yana kusa da ɗaya makullin. Daga baya aka turo mini saƙo a WhatsApp cewa idan haka ta faru, sai in kira gida a danna rimot a bakin waya, motar za ta buɗe. Gaskiya ne?
— Wata uwa, Samaru, Zariya.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya yaro, ya ƙara kiyayewa. Wannan saƙo ƙarya ne, kuma ƙarya ce mai haɗari, saboda tana cinye mintunan da bai kamata a ɓata ba. Rimot ba ƙara yake fitarwa ba, saƙon rediyo ne, kiran waya kuma muryar da makirfo ya ji kawai yake ɗauka. Akwai sababbin motoci da ake buɗewa da manhajar kamfaninsu ta intanet, amma wannan wani tsari ne daban da ke buƙatar rajista, kuma sau da yawa ba ya aiki a wajen ƙasar da aka sayar da motar.

Duk haƙurin da na ba malamin Tudun Wada bai shafi halin da kika shiga ba. Idan akwai yaro ko tsoho ko mara lafiya a cikin mota a kulle, kuma ɗaya makullin ba a kusa yake ba, a fasa gilashi nan take. Zafin cikin motar da ke rana yana ƙaruwa da kusan digiri 10 a ma'aunin Salshiyas cikin minti 10 na farko, jikin ƙaramin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5 fiye da na babba. Duk wanda ya san ranar Zariya a watan Maris da Afrilu ba ya buƙatar ƙarin bayani. A zaɓi gilashin ƙofar da ya fi nisa da yaron, a buga shi a kusurwar ƙasa da abu mai tsini, domin tsakiyarsa ta fi jure bugu. Gilashin gefe a yawancin motoci yana dagargajewa ne ƙanana ƙanana, saɓanin na gaba mai leda a tsakiya wanda ke tsagewa ya tsaya a wurinsa, don haka kada a ɓata lokaci a kan na gaban. Kada kuma a ruɗu da ɗan ƙaramin gilashin kusurwa a ce shi ne mai araha. Sau da yawa ya fi na ƙofa wuyar samu da wuyar sawa, hannu ma ba lalle ya kai ga maɓalli ta cikinsa ba. Idan an fito da yaro jikinsa ya yi zafi ko ya saki, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a wuce asibiti ba tare da jira ba.

Dalilin kullewar kuwa, motoci da yawa suna sake kulle kansu bayan kamar daƙiƙa 30 idan an buɗe su da rimot ba su ji an buɗe ƙofa ba, kuma idan ɗan maɓallin da ke jikin ƙofa mai sanar da buɗewarta ya lalace, motar za ta ɗauka ba a buɗe ba ko da an buɗe. Ƙararrawar tsaro da ake ƙarawa a gareji ma tana yin haka. Ki sa a duba miki waɗannan biyun, kuma makulli ya zauna a hannunki ko a wuyanki har sai kin zauna a kujerar direba.

TAMBAYA: Malam, tawa motar mai dannawa ce, rimot yana hannuna amma ya ƙi buɗe ta, kuma ban ga ramin makulli a ƙofar ba.
— Wani ma'aikacin lafiya, Shika.

AMSA: Ranka ya daɗe, mafi yawan lokuta batirin rimot ne ya mutu, ɗan faifan nan mai ƙarfin bolt 3, wanda a motoci da yawa lambarsa CR2032 ce, kuma masu gyaran agogo suna sayar da shi. Ka duba bayan rimot ɗin ko gefensa, za ka ga ɗan maɓalli da idan ka tura shi wani siririn makullin ƙarfe zai zaro. Ramin yana nan a ƙofar direba, sai dai a wasu motocin an rufe shi da murfin roba a ƙarshen hannun ƙofar. Akwai 'yar kafa a ƙasan murfin da za ka sa bakin makullin ka ɗaga shi a hankali. Ƙararrawa tana iya tashi idan ka buɗe, za ta yi shiru da zarar motar ta gane makullin. Domin tayarwa, ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa sannan ka danna, saboda ƙwayar da ke ciki tana amsawa daga kusa ko batir ya mutu. Wasu motocin kuma suna da rami na musamman da ake sa rimot ɗin, littafin motar zai nuna maka inda yake. Idan ka shiga ka tarar ko fitilar rufi ba ta kamawa, to batirin motar ne ya sauka ba na rimot ba, kuma lokacin da za a jona wani batirin ka bar ƙofa a buɗe, makullin yana aljihunka, domin wasu motocin suna kulle ƙofofinsu da zarar wuta ta dawo.